Komawa gudu bayan ciwon baya da tsarin Couch to 5K: yadda na same shi

Tsarin Couch to 5K, wato jadawalin koyon gudu daga zaman kujera zuwa kilomita 5, ba don masu ciwon baya aka yi shi ba, kuma gara mutum ya san haka tun kafin ya ɗaura igiyar kambas. Wani Ba'amurke mai suna Josh Clark ne ya tsara shi a 1996 don ya taimaka wa mahaifiyarsa, wadda ta haura shekara 50, ta fara gudu. Daga baya hukumar lafiya ta Ingila, NHS, ta rungume shi ta sa jadawalinsa a shafinta kyauta, yanzu kuma manhajojin da ke bin wannan jadawali sun cika Play Store. Ɗaya daga cikin na kyauta na sauke, kuma da ita na koma gudu bayan faifan da ke tsakanin ƙasusuwan gadon bayana ya zame.

Ni ba sabon shiga ba ne. Shekaru na yi ina zagaya Dandalin Murtala a Kaduna bayan sallar asuba, kafin ciwon ya kwantar da ni. A hoton da aka ɗauka an ga matsalar a gaɓar ƙarshe ta kwankwaso, inda likitoci ke kira L5 da S1. Wannan gaɓa da wadda ke samanta, L4 da L5, su ne inda mafi yawan irin wannan zamewa ke faruwa, don su ke ɗauke da nauyin gangar jiki. Faifan ya danne jijiya, ciwon ya riƙa harbawa daga ɗuwawu har ɗan yatsan ƙafar hagu. Na yi watanni ina salla a kan kujera. Ba a yi mini aiki ba, kamar yadda ba a yi wa yawancin masu irin wannan ciwo; gashi da motsa jiki da haƙuri ne suka yi maganinsa. Likitar fisiyo da ke duba ni ba ta ba ni izinin sassarfa ba sai da na iya tafiyar rabin awa da sauri ba tare da ciwon ya sauka ƙafa ba.

Jadawalin mako 9 ne, fita uku a mako, da hutun aƙalla kwana ɗaya tsakanin kowace fita. Kullum ana farawa da tafiyar minti 5 don ɗumama jiki. A makon farko gudun minti 1 ne, sai tafiyar minti ɗaya da rabi, a yi ta maimaitawa har minti 20. Mako na biyu gudun ya koma daƙiƙa 90, tafiyar minti 2. Na uku ya kawo gudun minti 3, na huɗu minti 5.

Ga wanda ya saba gudun awa guda, makon farko cin fuska ne. Jiki bai ma gama saki ba za ka ji muryar manhajar a kunne ta ce ka koma tafiya. Ga abokan da kuka saba zagaye tare suna wuce ka suna "Malam, lafiya dai?" Ga dattawan da a da kake barin su a baya yau kafaɗa da kafaɗa kuke. Amma a nan ne duk darajar manhajar take a wurina. Tsohon mai gudu ba ya buƙatar wanda zai zuga shi, linzami yake buƙata. Huhu da zuciya suna dawowa da wuri, su ruɗe ka cewa ka warke, alhali baya da naman da ke riƙe da shi suna can baya ba su iso ba. Idan aka bar ni da agogona da son raina, minti ɗaya zai zama biyar a ranar farko. Muryar da ba ta san ni ba, ba ta kuma san tarihin guduna ba, ta fi ni iya cewa "ya isa."

Inda tsarin ya bar mai jinya shi kaɗai kuwa shi ne wajen hukuncin ko a ci gaba ko a tsaya. Manhajar tana ganin ka gama fitar yau, sai ta buɗe maka ta gaba. Ba ta tambayar yadda ka tashi washegari, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci ga mai ciwon baya. Likitata ce ta cike wannan giɓi. "Yallaɓai," in ji ta, "kada ka auna da lokacin da kake gudun. Ka auna da lokacin da za ka sunkuya wanke ƙafa a alwalar asuba ta gobe." Ƙa'idar da ta ba ni mai sauƙi ce. Tsamin jiki a cinya ko sha-raɓa ba komai ba ne. Ɗan nauyi a tsakiyar kwankwaso da ya wuce cikin yini ɗaya shi ma ana iya zama da shi. Amma idan ciwon ya fara gangarowa ƙafa, ko ya sauka ƙasa da inda ya tsaya jiya, ko yatsu suka fara dindiris, to a koma makon baya, komai abin da waya ta ce. Da wannan ma'auni na maimaita wasu makonnin, kuma mako taran ya zame mini kusan ninki biyu. Manhajar ba ta hana maimaitawa, NHS ma ta faɗa cewa ana iya yi, sai dai yadda take jera alamun "an gama" yana sa mutum jin kamar ya faɗi jarrabawa.

Mako na biyar shi ne wurin da ya kamata a yi hattara sosai. Fitar farko gudun minti 5 ne sau uku. Ta biyu minti 8 sau biyu, da tafiyar minti 5 a tsakani. Ta uku kuwa minti 20 ne a jere ba tsayawa. Daga 8 zuwa 20 cikin kwana biyu! Ga lafiyayye wannan tsalle na zuciya ne kawai, yawanci jiki yana iyawa, tsoro ne ke hanawa. Ga wanda bayansa ke warkewa lamarin ya bambanta, domin tafiyar da ke tsakanin gudu ita ce ke ba naman kwankwaso damar hutawa kafin ya gaji. Da zarar ya gaji sai mutum ya fara rusunawa gaba, takunsa ya yi nauyi, duk dukan ƙasa ya koma kan gaɓar da ke jinya. Ni ban yi wannan tsalle ba. Da shawarar likita na saka matakai na kaina, minti 10 sau biyu, sannan 12 da 8, sannan 15, kafin na kai 20. Manhajar da na yi amfani da ita ba ta da wurin gyara jadawali, don haka a waɗannan ranaku agogon waya na koma. Daga mako na bakwai abin ya daidaita: minti 25, sai 28, sai 30 a na tara.

Kilomita biyar ɗin da ke cikin sunan kuma a manta da shi. Jadawalin da lokaci yake aiki, ba da nisa ba, kuma kafin a cinye kilomita 5 cikin minti 30 sai an riƙa cin kilomita ɗaya duk minti 6, wanda ya fi ƙarfin yawancin masu farawa. Na gama tsarin ban kai ba, ban kuma damu ba.

Babu motsa jikin ƙarfafa baya a cikin jadawalin gudun. Ranakun hutu na cike su da atisaye ukun nan da aka san Farfesa Stuart McGill na Jami'ar Waterloo a Kanada da su: ɗaga kai da kafaɗu kaɗan a kwance, dogara a kan gwiwar hannu ta gefe, da miƙa hannu ɗaya da ƙafar ɗaya ɓangaren a durƙushe. Minti goma a kan tabarma sun isa. Ƙasa mai laushi ta fi mini daɗi da kwalta, taku gajere ya fi dogo. Abin mamaki, ba gudun ne ya fi tayar mini da ciwo ba, zaman Keke Napep a hanya mai ramuka da doguwar zama a ofis sun fi shi, wanda ya sa na daina ɗora wa gudu laifin kowane ciwo.

Masu cewa gudu yana cinye baya, kuma suna da yawa a cikin dangi, ga abin da zan iya faɗa musu. A 2024 mujallar British Journal of Sports Medicine ta buga wani gwaji da aka yi a Ostareliya kan mutum 40 masu daɗaɗɗen ciwon baya, inda rabinsu suka bi tsarin gudu da tafiya na mako 12, aka kuma samu ciwonsu ya ragu fiye da na sauran. Gwajin ƙarami ne, kuma kan masu ciwon da ba a gano takamaiman sanadinsa ba aka yi shi, ba masu danniyar jijiya irina ba. A shekarar dai mujallar Lancet ta buga wani mafi girma, shi ma daga Ostareliya, kan mutum 701 da suka warke daga ciwon baya: waɗanda aka sa a tsarin tafiya da wayar da kai sun kai kimanin kwana 208 kafin ciwon ya dawo, sauran kuwa 112.

Ta fuskar aiki, manhajar tana tafiya ba data bayan an sauke ta, ba ta cin batir, muryar da Turanci take amma umarnin bai wuce "yi gudu" da "yi tafiya" ba. Tallace-tallacen da ke faɗowa a ta kyautar suna da ban haushi. Wanda zai bi titi ya sa abin ji a kunne ɗaya kawai, saboda masu babur.

Zan ba wa mai ciwon baya shawarar ya yi amfani da tsarin, da sharaɗin akwai likitan fisiyo da ya duba shi ya ce ya fara, kuma maganar likitan ce sama da ta waya. Wanda har yanzu ciwon ke harba masa ƙafa idan yana tafiya, lokacinsa bai yi ba. Wanda kuma ya ji tsakanin cinyoyinsa ya sage, ko fitsari da bayan gida suka fara kufce masa ko suka ƙi fita, ko ƙafafunsa suka rasa ƙarfi, wannan ba maganar jadawali ba ce, asibiti zai nufa a ranar, ko da tsakar dare ne.