Cajar da ke tsuwa cikin dare da mai gyaran da ya gane ciwonta

Ina da ɗan shagon cajin waya a ƙauyenmu da ke kusa da Wudil, wanda nake gudanarwa da farantan sola biyu da batir da ƙaramar inbata, kuma a bara na sayo babbar caja mai baki 10 daga Kano domin in rage tarin ƙananan cajojin da suka cika mini benci. Ta fuskar aiki ba ni da abin faɗa a kanta, domin ko ranar Juma'a da kasuwar Wudil ke ci, tana ɗaukar wayoyi goma ba tare da ta yi zafi mai tayar da hankali ba. Aibinta ɗaya ne, wato da zarar wayoyi sun cika, ko saura ɗaya a jikinta, sai ta kama wata siririyar tsuwa kamar ta gyare. Ƙanena da ke kwana a shagon shi ya fara ƙorafi, mahaifinmu kuwa har yau cewa yake bai taɓa jin komai ba, kuma ba mamaki, tunda jin siririn sauti yana raguwa da shekaru.

Na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin a cikin gari, ina tsammanin zai ce in jefar. Maimakon haka sai ya jona ta ba komai a jiki, ya ɗora tsinken katako a kan ƙaramar taransifomar da ke ciki ya danna a hankali, nan take tsuwar ta sauya murya. Ya ce mini, "Malam, ba lalacewa ta yi ba, tsimi take yi."

Bayaninsa ya gamsar da ni. Irin wannan caja tana kunna wuta tana kashewa sau dubbai masu yawa a daƙiƙa ɗaya, da yawansu wajen sau 65,000, alhali kunnen ɗan Adam ba ya jin abin da ya wuce sau 20,000, shi ya sa take shiru idan tana ɗauke da kaya. Idan kayan sun yi kaɗan, sai ta riƙa aiki tana hutawa domin kada ta ɓarnatar da wuta, kuma wannan tsayawa da tashin ne ke faɗowa cikin abin da kunne ke ji, yana girgiza ƙarfen taransifomar da zaren tagullar da aka naɗe mata.

Gyaran ya ɗauki kwana biyu. Ya ciro taransifomar, ya manne ɓangarorin ƙarfenta biyu da gam mai ƙarfi, ya tsoma ta a banish irin na masu naɗin koyil, ya bar ta ta bushe, sannan ya cire wata ƙaramar kafasita (abin da ke tara wuta na ɗan lokaci) ta tangaran, ya sa ta leda a madadinta, domin a cewarsa ta tangaran ɗin ita ma tana rawa idan wuta na bugunta. Abin da ya fi burge ni shi ne ya ƙi bin gajeriyar hanya ta liƙa mata wani abu da zai riƙa jan wuta kullum don ta yi shiru, ya ce batirina ne zai biya kuɗin shirun cikin dare. Ya kuma gargaɗe ni da kada in buɗe ta da kaina, saboda babbar kafasitarta na iya riƙe wutar da ta haura bolt 300 ko bayan an zare ta.

Tsuwar ba ta ɓace gaba ɗaya ba, gaskiya, domin idan dare ya tsala kuma ka kara kunne za ka ji ɗan saura. Kuɗin aikin bai kai na sabuwar ƙaramar caja ba, sai dai kwana biyun da na yi ba ita sun sa wasu masu kawo caji sun koma shagon maƙwabcina, kuma biyu daga cikinsu har yanzu ba su dawo ba.