MuseScore: ta raba mini rigimar tirampet da kibod

Duk wanda ya taɓa haɗa masu busa da mai kibod a waƙa ɗaya ya san wannan ciwon kai: kowa na bin takardarsa daidai, amma sautin kamar ana cacar baki. Tirampet ɗin B♭ in ya busa C ɗinsa, B♭ kunne ke ji. Don haka waƙar da kibod ke kaɗawa a F, sai a rubuta wa tirampet a G, saksofon alto kuwa a D. Da biro nake wa yaran makarantarmu a Sabon Gari wannan aiki kafin in koma MuseScore, manhajar rubuta kiɗa a kwamfuta.

Manhajar kyauta ce, kuma da zarar ka sauke ta ba ruwanta da data. Abin da ya fi burge ni maɓallin Concert pitch ne. In ka kunna shi, duk layukan za su fito yadda kunne ke jin su, ka duba ko sun dace. In ka kashe, kowane mai busa ya samu nasa rubutun, sai bugawa kawai.

Wajen buɗe fayil ɗin MIDI, wato fayil ɗin da ke adana abin da aka kaɗa a kibod, ake buƙatar lura. MIDI ba rubutun kiɗa ba ne, lambobi ne zalla: 60 ita ce C ta tsakiya, sai wata lambar da ke faɗin irin kayan kiɗan. To masu kibod namu, Allah ya ba su haƙuri, sukan kaɗa layin tirampet da muryar fiyano don ta fi musu daɗi. Manhaja kuma fiyano za ta ɗauka, ba za ta ɗaga komai ba. Sai ka shiga bayanan layin ka mai da shi tirampet, nan take ta sake rubuta shi daidai. Ganguna kuwa a tabbata suna tasha ta 10, wato hanyar da aka ware musu a MIDI.

Kiɗan gida dai sai haƙuri. Tsarin General MIDI na 1991, wanda ya ba kowane kayan kiɗa lambarsa, muryoyi 128 gare shi, babu algaita, babu kakaki. Shanai ta Indiya ce ta ɗan yi kusa da algaita. Kalangu ya fi wuya, domin a tashar ganguna kowace lamba ganga ce daban, alhali shi matse tsirkiya ake yi muryarsa ta hau ta sauka. Mai son adana kiɗan fadar Zazzau na hawan sallah, gara ya ɗauki rikoda. Amma malamin da ke da masu busa da ƙaramar kwamfuta, ya sauke ta, ba zai yi da-na-sani ba.