Tirakar mota mai layin 2G: tana riƙe sabis, amma a kula da batir

Tirakar da na sa wa motocina masu ɗaukar hatsi daga Dawanau, wato na'urar bin sawun mota, 'yar ƙarama ce kamar kwalin ashana. Mai wayarin ya ɓoye ta a bayan dashbod, ya haɗa ta da batirin motar mai volt 12. Tana karɓar wurin da mota take daga taurarin GPS, sannan ta turo mini ta layin waya da ke cikinta, kuma turowar nan ce ta fi shan wuta.

Da gangan na zaɓi mai 2G. A hanyar Maiduguri, da an wuce Potiskum, akwai wuraren da 4G ke ɓacewa a wayar direba amma tirakar tana nan tana magana, domin zangon 900 MHz da 2G ke aiki a kansa na kaiwa nesa da eriyar kamfanin waya. Saƙonta kuma bai taka kara ya karya ba: wuri, gudu, lokaci. Idan sabis ya yanke gaba ɗaya takan adana bayanan, yana dawowa ta turo su a jere. Wannan ya burge ni ƙwarai, don taswirar ba ta barin giɓi.

Matsalarta na fitowa ne idan mota ta daɗe a ajiye. Yadda aka kawo ta, duk daƙiƙa 10 sai ta turo rahoto ko da motar na tsaye, kuma inda sabis ya yi rauni sai ta ƙara ƙarfin aikawa, wanda a 2G kan kai watt 2. Ɗaya motar ta daɗe a gareji, aka zo tayarwa ko ƙyas, sai da yara suka tura ta. Mai wayarin ya aika wa tirakar tes ya sa ta barci: mota na tsaye, rahoto ɗaya a awa, ana murɗa makulli ta farka. Tun daga nan batir bai sake mutuwa ba. Masu A Daidaita Sahu, batirinku ƙarami ne, kada ku bar shagon sai an saita muku wannan a gabanku.

Tirakar tana kuma iya yanke famfon mai daga nesa idan an aika mata tes, amma tes kan yi jinkiri a daji. Ni dai ba na aika umarnin sai taswira ta nuna mini motar a tsaye, don ba na so ta mutu wa direba a tsakiyar titi da tirela a bayansa.