Tsohuwar TiVo babu intanet a gida: gidan aboki ko hotspot?

Na'urar naɗar shirye-shiryen talabijin irin TiVo Series2, wadda ta fito a 2002, ba ta kammala saitin farko sai ta tuntuɓi kamfaninta ta intanet (a da har ta layin waya ana yi). Can take samo lokaci da jadawalin shirye-shirye na kusan mako biyu.

Kana iya kinkimar ta zuwa gidan abokin da ke da intanet. Ka dai tabbata lambar yankinka ta gidan waya (ZIP code) ka shigar, ba tasa ba, kada ta jero maka tashoshin da ba ka kamawa. Illar ita ce jadawalin na ƙarewa sai ka sake ɗaukar kaya.

Ɗaya hanyar, hotspot na wayarka da adaftar Wi-Fi a ramin USB na bayan TiVo ɗin. Nan mutane ke yawan tuntuɓe: tsofaffin adaftoci 2.4 GHz kaɗai suke gani, in wayar na kan 5 GHz ko sunanta ba zai fito ba. Mayar da ita 2.4, ka jona ta a caji kusa, don saukewar farko tana cin lokaci. Ni wannan na fi so. Kunna hotspot ɗin sau ɗaya a mako ya wadatar.