Laftof mai zafi lokacin gem: abin da za ka saya da abin da za ka bari a shago

Duk mai buga gem da laftof a Katsina ya san halin watan Afrilu. Zafin gari ya kai digiri 40, kwanon ɗaki ya gasu tun hantsi, kai kuma ka kunna GTA V ko eFootball. Kafin minti ashirin fanka ta fara kuka kamar injin markaɗe, hoto ya riƙa sarƙewa, wani lokaci ma na'urar ta ɗauke ɗif ana tsakiyar wasa. Ba lalacewa ta yi ba, kare kanta take yi. Firosesar Intel idan ta doshi digiri 100 takan rage gudu don kada ta ƙone, katin hoto na NVIDIA kuwa tun wajen 87 yake fara ja da baya.

Kafin ka fitar da ko sisi, sauke HWMonitor ko HWiNFO, manhajoji ne masu nuna zafin na'ura, kyauta ne. Buga gem na rabin awa, ka rubuta digirin zafi mafi girma da ka gani. Da ita za ka auna duk abin da aka sayar maka daga baya.

Abin da yawancinmu ke fara saye shi ne faifan nan mai fankoki huɗu ko biyar da fitilu shuɗaye, wanda ake ɗora laftof a kai, a jona shi a USB. Ni ma na saya. Iskarsa watsewa take yi ta gefe, kuma ɗan sauƙin da na samu, littafi biyu da na tokare bayan laftof da su sun ba ni irinsa. Ƙaramar fankar da ake maƙalawa a gefe ta zuƙo iska, kada ka ko taya ta. Ruwan ƙarfen da ASUS ke shafa wa firosesar wasu laftof ɗinta na ROG yana sanyaya sosai, amma yana ɗaukar lantarki, yana kuma cin alminiyam. Ɗigo ɗaya a kan allon na'ura ya ishe ka asara, don haka ba na ba kowa shawarar sa shi da hannunsa.

Faifan da ya cancanci kuɗinsa shi ne mai babbar fanka ɗaya da zoben soso, irin IETS GT500 ko na Llano. Soson yana rufe ƙasan laftof, iska ba ta da hanya sai ta ciki, kuma akwai matatar ƙura. Yana aiki da gaske. Sai dai yana da tsada, ƙararsa ta isa ta hana na kusa da kai barci, kuma da nasa cajan yake zuwa, wato in an ɗauke wuta shi ma ya tafi hutu.

Ni dai inda zuciyata ta kwanta shi ne a buɗe laftof ɗin, a share ta, a canza abin da ke tsakanin firosesa da bututun jan ƙarfen da ke kwashe mata zafi. A nan ciwon yake. Ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina daga Disamba zuwa Fabrairu ba fita take yi ba. Takan taru a bakin siraran ƙarafan da fanka ke hura wa iska, ta haɗu da zaren bargo da na darduma, ta zama wata 'yar tabarma mai launin toka da za ka iya ɗagowa da tsinke gaba ɗayanta. Muddin tana nan, ko fanka goma ka jera a ƙasa iska ba za ta wuce ba.

Bayan shara sai man da ake shafawa a kan firosesa. Na kirki su ne Arctic MX-4 da MX-6 da Noctua NT-H1. Amma firosesar laftof ba ta da murfin ƙarfe kamar ta kwamfutar tebur, tsirara take. Kullum ta yi zafi ta huce, ƙarfen da ke danne da ita yana ɗan motsi, a hankali ya matse man ya fita gefe, tsakiya ta bushe. Shi ya sa za ka ga an canza maka mai, komai ya yi daidai, bayan 'yan watanni zafi ya dawo.

Maganin wannan shi ne PTM7950 na kamfanin Honeywell, kuma shi ne zaɓina. Ba mai ba ne, wani siririn falle ne mai launin toka, kaurinsa wajen milimita 0.25, an rufe shi da leda gaba da baya. A sanyi yana nan da ɗan tauri, idan ya kai kimanin digiri 45 sai ya yi laushi ya cike kowane ɗan rami da ido ba ya gani, in ya huce ya koma ya daskare a wurinsa. Ba ya gudu gefe kamar mai. Ana yanka shi daidai girman firosesa da katin hoto, a ɓare leda ɗaya a manna, a danna, sannan a ɓare ta biyun a hankali. Da ɗuminsa yagewa yake yi, don haka a fara sanyaya shi. Ranar da aka sa mini babu wuta, ƙanƙara na saya na ɗora shi a kai cikin leda na ɗan lokaci, ya ɓaru lafiya. Kada ka yanke hukunci a ranar farko, sai ya yi zafi ya huce sau da yawa kafin ya zauna sosai. In kuma daga Kano ko Legas za a aiko maka da shi a bazara, roƙi direba kada ya ajiye shi gaban mota inda rana ke duka.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai, jabu. Bara na kai laftof ɗina wurin wani mai gyara a cikin gari. Ya ɗago wani sirinji mai rubutun MX-4 ya ce, "Malam, wannan orijina ne, daga waje ake kawo mini. Je ka yi la'asar ka dawo." Na tafi. Mako biyu aka yi, zafi ya dawo fiye da da. Da aka sake buɗewa a wani wurin, abin da ke kan firosesa ya bushe ya yi fari kamar alli, ana kankare shi yana zuba gari-gari. Bai tsaya nan ba: ƙananan filasta masu laushi da ke kan ƙwayoyin ma'ajiyar katin hoto ya cire biyu ya yar, ya shafa wannan farin abin a gurbinsu. Su kuwa kowanne da kaurinsa, mai ba ya cike wannan tazara.

Tun daga ranar ba na barin shago sai an gama a gabana. Sayi man da kanka, a cikin kwalinsa, ba a yage ba. Arctic da Thermal Grizzly suna sa lambar tantancewa a jikin kayansu, ana duba ta a shafinsu na intanet. Duba tun kana tsaye gaban mai sayarwa. Sirinjin da aka riga aka buɗe, ko mene ne aka rubuta a jikinsa, ba ka san abin da aka ɗura ciki ba. PTM7950 ya fi wuyar tantancewa, domin manyan falle ake sayar wa kamfanoni, 'yan kasuwa ke yayyankawa su sa a leda, kuma kowa zai iya buga takarda ya manna. In ka ga araha ta yi yawa, bar shi. Mafi kwanciyar hankali shi ne irinsa da Thermal Grizzly ke sayarwa da sunan PhaseSheet PTM, mai kwali da lamba.

Sa ido kuma a kan aikin kansa. A cire igiyar batir kafin a taɓa komai. A goge tsohon mai da sifirit, ba fetur ba. In za a hura bulowa a riƙe fanka da yatsa, kada ta yi ta juyi fiye da ƙima. Kada ka yarda a kai ta wurin mai faci, iskar injinsa na zuwa da danshi. Caja ma akwai jabu birjik: laftof ɗin gem na neman wat 135 ko 180 ko 230, a ba ka marar nauyi mai rubutun ƙarya, ita ta yi zafi, na'ura ta rage gudu, kai kana zargin fanka.

Kafin kayan su iso, ɗauke laftof daga kan katifa, ɗora ta a tebur, ka ɗaga bayanta. Ƙayyade gem ɗin a hoto 60 cikin daƙiƙa, sannan a saitin wuta na Windows mayar da iyakar ƙarfin firosesa daga 100 zuwa 99, wannan na hana ta ƙarin gudun da ke jawo mafi yawan zafin. Shara kuwa a yi ta a farkon Maris, hazo ya janye, zafi bai kankama ba.