Sharhi kan garejin da ya shirya mini mota don shiga filin tsere

Wata shida ina tanadin zuwa wani filin tseren motoci a Kudu, inda ake ware rana ga masu son gwada motarsu ba tare da gasa ba. Motata Honda Accord ce 'yar 2007. Da lokaci ya matso na kai ta wani gareji da ke wajen Ƙofar Ƙaura a nan Katsina, da niyyar a ƙara mata ƙarfi.

Mai garejin dattijo ne marar yawan magana. Ya gama saurarena, ya buɗe gaban motar, ya cire murfin man birki, ya zuƙo kaɗan a sirinji ya ɗaga shi a rana. Man ya yi duhu kamar shayin da ya kwana.

"Ɗana, yaushe rabonka da canza wannan?"

Na ce, "Baba, tunda na sayi motar ban taɓa ba."

Ya ce to a ajiye zancen ƙarfi tukuna. Man birki yana shan danshi a hankali, kuma idan ya sha ruwa da wuri yake tafasa. DOT 3, wato nau'in man birkin da ke rubuce a murfin, sabonsa yana jure zafin aƙalla digiri 205 a ma'aunin Celsius, amma idan ya jiƙa yakan sauko kusa da 140. A titi da wuya ka lura. A filin tsere kuwa, inda kowace kwana sai ka danne birki da ƙarfi, man na tafasa ƙafarka za ta nutse har ƙasa, motar tana ci gaba da tafiya. Ya zubar da tsohon kaf, ya sa DOT 4 mai jure 230, yaronsa na taka birki shi kuma yana fitar da iska ƙafa bayan ƙafa. Ya kuma ja kunnena kada wani ya sayar mini da DOT 5, domin ba a gauraya shi da waɗannan.

Takalman birkin gaba ya canza, ya ce in hau hanyar Dutsin-Ma da sassafe in riƙa takawa a hankali har su zauna a kan faifai. Tayoyina biyu na baya ya ƙi su. Ya nuna mini lambobi huɗu a gefensu, 1416, wato an ƙera su a mako na 14 na 2016, sun tsufa ke nan, alhali zanensu bai cinye ba. Notocin ƙafa ma da sifana mai awo ya ɗaure su a kan 108 Nm, wato ma'aunin ƙarfin ɗauri, bai bari yaro ya hau bututu ya yi tsalle a kai ba. Baƙin mai da ruwan lagireto duk an sabunta.

Abu biyu ne suka ɓata mini rai. An ce mini kwana biyu, sai da motar ta yi biyar, kuma ba wanda ya kira ni. Na biyun ya fi damuna: an bar batir ba a ɗaure ba. Masu duba motoci a bakin filin ne suka girgiza shi, suka ce ba zan shiga ba sai an gyara. Na rasa zagayen farko ina neman ƙarfen ɗauri, bayan na kwashe tabarmin ƙafa da jak da duk tarkacen but.

Da na shiga da hular kwanona, birkin bai yi laushi ko sau ɗaya ba. Na ji ƙaurin takalman ta taga, na rage iskar taya da ta hau saboda zafi, na yi zagayen ƙarshe a hankali don su huce, kuma ban ja birkin hannu ba da na tsaya, kamar yadda Baba ya faɗa.

Zan sake kai masa motar. Amma kafin in karɓi makulli, da hannuna zan girgiza batirin nan a gabansa.