A toshe ƙofar zuciyar ko a ci gaba da magani?

Hajiya kin yi tambaya kan ƙanenki ɗan shekara 38 da ɓarin jikinsa ya shanye, aka yi mishi hoton zuciya aka ce akwai ƙofa, ko a toshe ko ya zauna kan magani. Allah ya ba shi lafiya.

Ita ƙofar nan PFO likitoci ke ce mata, tana tsakanin ɗakuna biyu na saman zuciya, kowa da ita ya zo duniya sai ta rufe bayan haihuwa, amma kusan mutum 1 cikin 4 tashi ba ta rufewa kuma lafiya lau yake yawo. Matsalar sai in gudan jini ya taso daga jijiyar ƙafa, maimakon huhu ya tare shi sai ya bi ta ƙofar ya haye ƙwaƙwalwa.

Magani dai asfirin ne ko clopidogrel, ba tsada, kowane kemis akwai, amma kullum ne ba fashi, kuma mai olsa sai an lura. Warfarin, wani maganin tsinka jini, ya fi ƙarfi sai dai ga zuwa gwajin jini kai da kai ga haɗarin zubar jini.

Toshewa kuma ba fasa ƙirji ake yi ba, siririyar roba ake turawa ta jijiyar matsematsi har zuciya a buɗe wani ɗan abu kamar lema biyu ya manne ƙofar. A binciken CLOSE na Faransa da ya fito 2017, cikin mutum 238 da aka toshe wa ko ɗaya ciwon bai dawo wa ba cikin kusan shekara 5, masu magani kaɗai 14 ya dawo wa cikin 235. Amma fa kusan 5 cikin 100 bugun zuciyarsu ya rikice bayan aikin, ga tsada, ba kowane asibiti ke yi ba, kuma ko an toshe za a ci gaba da asfirin ɗin.

Ni gaskiya ga mai shekarunsa toshewa na fi karkata, tunda 'yan ƙasa da 60 aka gwada wa, amma sai an tabbatar ba hawan jini ko suga ko rikicewar bugun zuciya ne ya jawo ba, don a nan wajenmu hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba. Ku kai shi asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato (UDUTH) ya ga likitan zuciya, ku tambayi gwajin da ake sa ruwan gishiri mai kumfa a jijiya a ga yawan abin da ke tsallakawa. Kafin nan don Allah Hajiya kar ya aje maganinsa ko na kwana ɗaya.